Goron da Mijina Ya Buge Daga Hannuna

Jikokina suna yi mini tsiya wai ban iya zama ba. Da na ji babbar mota ta rage gudu a bakin titi sai in miƙe, ko da loma ce a hannuna, in leƙa ta taga, in dawo in zauna kamar ba ni ba. Ba na musa musu, gaskiyarsu ce. Sai dai ba haka aka haife ni ba. Na koyi wannan tashi-zaune ne a ƙarshen shekarar 1969, a Zangon Kumasi, ina ɗauke da cikin fari, lokacin da aka ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya tattara nasa ya nasa ya bar ƙasar.

Ni dokar ba ta hau kaina ba. A Zango aka haife ni, a nan aka haifi mahaifiyata, wadda muke kira Mma, kuma akwai tsofaffi a unguwa da za su dafa Alƙur'ani a kan haka. Mijina ne baƙo. Daga wajen Sakkwato ya zo yana saurayi, ya biyo wani kawunsa fataucin goro, kawun ya koma gida, shi ya zauna. Ya daɗe yana shan ruwan Kumasi har ya fi ni iya ciniki da Tonawa, kamar yadda muke kiran mutanen Asante, kuma a duk tsawon zaman nan ba wanda ya taɓa tambayarsa takarda. Rana ɗaya aka wayi gari ya zama mai laifi, aka ba su wa'adin da bai isa ko a sayar da tukwane ba.

Na ce ƙafata ƙafarsa. Mma ta dubi cikina, wanda a lokacin ko ɗaura zani sai da dabara, ta ce sai dai in tsallake gawarta in hau motar. Labari ya riga ya fara zuwa na matan da naƙuda ta kama a bakin hanya, ba ruwa ba ungozoma. Na yi kuka, na yi faɗa, na ƙi cin abinci, duk a banza. Aka tsaya a kan cewa shi zai tafi, ya sayar da abin da ya kai, ya kama ɗaki, ya kafa ɗan ciniki, in na yi arba'in ya aiko a kai ni da abin da na haifa. Kuɗinmu kuwa a can takarda ce kawai, ga shi ana ta cewa ba a barin mutum ya ƙetare da su. Abin da ke ƙetare iyaka ya kuma yi daraja a can shi ne goro. Saboda haka duk abin da muka mallaka muka mayar da shi goro. Gadonmu ya koma unguwar Anloga wurin kafintan da ya ƙera shi, keke ya tafi, rediyo ya tafi. Na san sarai cewa kayan goron nan su ne kuɗin motata zuwa wurin mijina, in sun isa lafiya na isa, in sun lalace na zauna.

Goro dai sana'ar gidanmu ce tun kakata. Maza su sayo daga ƙauyuka, mu mata mu ɓare, mu wanke, mu tsince, mu shimfiɗa ganyen fita a kwando, wato faffaɗan ganyen nan da ke riƙe wa goro sanyi, mu jera, sannan a ɗaure huhu a kai arewa. Akwai wata ƙa'ida da Mma ta gada, ta kuma ɗora mini tun ina yarinya: wadda ta jera huhu ita ke fara ci. Kafin a rufe ganye na ƙarshe sai ki zura hannu tsakiya, ba sama inda kika ajiye masu kyau ba, ki zaro ɗaya, ki gatsa, ki tauna, ki haɗiye. Sauran ɓarin ki ɗora a kai ki rufe, don wanda ya kwance a Kano ko Damagaram ya ga shaidar haƙori ya san mutum ya ci kafin a aiko masa. Wasu gidajen suna yi mana dariya, suna cewa shi ya sa haƙoran matan gidanmu suka fi na kowa ja. Ban taɓa tambayar dalilin ƙa'idar ba, kamar yadda ban taɓa tambayar dalilin wanke hannu kafin tuwo ba.

Muka tafi sayen goro wani ƙauye da ba shi da nisa, wurin wata tsohuwa Batoniya da gidanmu ya daɗe yana saye a hannunta. Maame muke ce mata. Mma ta ce kada in je, na ce in na zauna a gida zuciyata za ta fashe. Tun daga bakin ƙauyen muka fara jin sara. Da can in ka shiga gonakin nan sai kukan tsuntsaye da ƙamshin kokon da aka shanya, amma ran nan ko'ina adda ce ke aiki. Mutanen Zango sun cika ƙauyuka suna biyan duk abin da aka faɗa, su kuma samari sun haye itatuwan goro suna sare rassa ɗungurungum don kwanson da sanda ba ta kaiwa ya faɗo, nunanne da ɗanye duka. Ban ga laifin kowa ba a lokacin, mai saye yana cikin tashin hankali, mai sayarwa ya ga kasuwar da bai taɓa gani ba. Amma gabana ya faɗi da na ga rassan a zube da ganyensu kore shar.

Itatuwan Maame ne kaɗai ba a taɓa ba. Manya ne, tsofaffi, a tsaye cikin gonar kokonta, kakanta ya dasa su. Ita ba ta tsinkar kwanso sai ya rine ya fara tsagewa, ko ya faɗo da kansa. Abin da ta tara ta riga ta ɓare shi, ta wanke, ya sha iska ya huta, goro ne marsa manya-manya, ja da fari, in ka gatsa sai ya ce ƙaras. Amma babban kwando ɗaya ne tak. Mijina ya ɗaga kai ya dubi kwanson da ke reto a sama, ya fara roƙonta da harshenta. Ya gaya mata halin da muke ciki, ya nuna mata cikina, ya ce ta faɗi ko nawa ne. Tsohuwar nan ta saurare shi har ya gama, ta share hawaye da bakin zaninta, don tana ƙaunarsa ƙwarai, sannan ta ce:

"Ɗana, na ji, kuma raina ya ɓaci da abin da aka yi muku. Amma kai za ka tafi, ni da itatuwan nan muna nan. Reshen da aka sare bana ba zai ba ni komai baɗi ba. Na sama kuma bai nuna ba, in na ba ka na cuce ka."

Ta ƙi karɓar ƙarin da ya yi mata a kan kwandon, ta ce yadda ta saba sayar mana haka za ta sayar. Na ji haushinta ran nan, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina tsohuwa ta fifita itace a kan mutum. Sauran kayan dole muka saya a wurin maƙwabtanta, ɗanyen goro da ɓawonsa, wanda aka sauko da shi jiya-jiya. Tun a mota da muke dawowa nake mita, ina cewa wannan goron ba zai yi tafiya ba. Mijina ya ce in na san inda ake sayar da lokaci in gaya masa ya je ya sayo.

Gaskiyarsa ce, lokaci ne ba mu da shi. Goro yana son a jiƙa shi farin ɓawon nan ya saki, a wanke, a zuba a kwando ya yi gumi ya tsane, a bar shi ya huta, ana juyawa ana tsincewa. Mu kuwa muka haɗa aikin wata guda cikin 'yan kwanaki. Ni da Mma muna tsugune a tsakar gida daga sallar asuba, hannuwanmu sun yi fari sun tattare don ruwa. Ba na iya daɗewa a tsugune, ba na iya daɗewa a tsaye, in na zauna kuma sai in ji kamar an tsikare ni, in tashi in je ƙofar gida in ga wa ya tafi yau. Kullum akwai wanda ya tafi. Mai nama na kan kwana, telan da ya ɗinka kayan aurena, malamin da ya koya mini alif. Ta wajen Manhyia motoci suke bi a cike, mutane a kan kaya, tabarmi da tukwane a rataye.

Ana cikin haka na ga sankara. Wanda bai san goro ba ba zai gane tashin hankalin ba. Ɗan ƙwaro ne da ke huda goro ya shige, daga waje ba ka ganin komai sai ɗigo kamar bakin allura, in ka fasa sai ka tarar ciki ya zama baƙin gari. Ɗaya in ya shiga kwando, sai ya bi sauran. Ɗanyen goron da aka sauko da shi da ƙarfi, duk ya ƙuje ya ji rauni, shi sankara ta fi so. Maganinta tun kakanni guda ne: a riƙa kwance huhu a kai a kai, a tsince mai ciwo a yar, a sauya ganye, a yayyafa ruwa kaɗan. Aiki ne na mai wuri da natsuwa. Ga shi labari ya zo cewa motoci sun yi layi a Yeji suna jiran jirgin fito, sun kuma yi wani layin a bakin iyaka, ba wanda ya san ranar wucewa.

To a kwanakin nan ne wata kwalba ta fara yawo a Zango. Maganin feshin koko ne, wanda manoma ke kashe ƙwarin gona da shi. Wani ya gano cewa in aka tsarma shi da ruwa aka yayyafa wa goro, sankara ba ta kusantarsa, ya yi wata da watanni yana ƙyalli. Wani mutum a unguwar Moshi Zango yake ɗura shi a ƙananan kwalabe yana sayarwa, kuma kusan duk mai shirin tafiya ya saya. Ni na san maganin nan. Ina budurwa na taɓa ganin samarin ƙauye sun zuba shi a rafi, kafin a jima kifaye suka taso sama cikinsu fari fat, har da kwaɗi. Gidan da suka ci kifin kwana suka yi suna amai, akuyar da ta sha ruwan ba ta kai yamma ba. Da mijina ya kawo zancen a fakaice, na ce kada ma in sake ji. Bai sake tayar da zancen ba, na ɗauka magana ta ƙare.

Ana jibi zai tafi na fita da sassafe kasuwa neman ganyen fita, don shi ma ya yi wuya. Na dawo da hantsi da ɗauri a ka. Tun daga zaure warin ya buge ni, wani wari mai kama da kananzir amma ya fi shi hawa kai. Na sauke ganyen na shiga. Mijina yana tsugune a gaban kwandon Maame, da ƙwarya a gefensa da ruwa fari-fari a ciki, da ɗan tsintsiya a hannunsa. Ya riga ya gama da kwandon. Da shi ya fara don shi ne mafi daraja, shi yake tsoron ya rasa. Mma tana bakin madafa ta juya baya, ta san in ta yi magana da suruki abin zai yi muni.

Bai jira na tambaya ba ya fara bayani, da sauri-sauri, ba ya kallona. Ya ce kaɗan ne ya sa, ya tsarma sosai. Ya ce kafin a kai can warin ya fita. Ya ce kowa ya yi, kuma ba a taɓa jin wanda goro ya kashe ba. Ya ce masu ci suna can nesa, ɗaya-ɗaya za su ci, ba kwando za su cinye ba. Daga nan muryarsa ta karye, ya ce:

"Ke kin san in kayan nan suka lalace ba ni da abin aiko miki. So kike ki haihu a nan ni ina can, shi ke nan?"

Ba abin da nake so a duniya kamar kada hakan ta faru, kuma ya sani. Na jawo kujera 'yar tsugunne, na jawo sabon kwando, na shimfiɗa ganye yadda na saba, na fara kwasar goron Maame ina jerawa. Abin da ke cikina yana ta motsi. Ya tsaya yana kallona, ina jin ya ɗauka na sauko. Da na cika, na zura hannu tsakiya, na zaro ɗaya, fari, babba, har yanzu da danshin maganin a jikinsa. Na goge shi a zani kamar kullum na kai baki.

Ban ga tasowarsa ba. Sai dai na ji an bugi hannuna da ƙarfi, goron ya yi tsalle ya bugi bango ya gangara ƙarƙashin turmi. Yatsuna suka mutu na ɗan lokaci. Tun da muka yi aure mutumin nan ko tsawa bai taɓa yi mini ba.

"Kin haukace ne? Da cikin?" in ji shi.

"Ni ba na rufe huhun da ban ci ba, Malam, ka sani," na ce. "Kuma can ma akwai masu ciki. Su wa zai buge musu hannu?"

Ban shirya maganar ba, ban kuma yi don in koya masa hankali ba, kamar yadda wasu suka ce da labarin ya fita. Hannuna ne ya yi abin da ya saba, ni kuma taurin kai ya hana ni tsayar da shi. Har yau ban san ko da zan haɗiye ba.

Ya daɗe a tsaye yana kallon kwandon. Sannan ya ɗauki fartanya ya zagaya bayan gida ya haƙa rami mai zurfi, don kada awaki su tono. Shi kaɗai ya kinkimi goron Maame ya juye a ciki, ya bi da ruwan ƙwaryar, ya fasa kwalbar a kai, ya mayar da ƙasa. Ina jin ƙarar goron yana zuba kamar ana juye tsakuwa. Mafi kyawun kayanmu ke nan, kuɗin gado da keke. Mma ta ɗauko sabulu ta wanke mini hannu har gwiwa kamar ƙaramar yarinya.

Daga nan har ya tafi bai yi mini doguwar magana ba. Ba gaba yake yi ba, ina jin ya rasa abin faɗa ne, ni kuma girman kai ya hana ni farawa. Muka jera sauran ɗanyen goron, na tsince shi ɗaya-ɗaya har idona ya yi ja, na gatsa daga kowane huhu na ɗora ɓarin a kai, shi ya ja igiya ya ɗaure. Goron ba daɗi, ga ɗaci ga yauƙi, amma ba abin da zai yi wa mutum. Na cika masa wani buhu da ganyen fita na jiƙa shi. A tasha, cikin turereniya da kukan yara, ya hau bayan motar wani direba Badagombe da muka sani. Ya leƙo ya ce in kula da kaina. Ni kuwa, da duk abin da ke cikin bakina, abin da ya fito shi ne, "Ka riƙa kwancewa kana tsincewa." Maganata ta ƙarshe da shi ke nan, kuma ta goro ce. Wannan yana cina har gobe.

Zango ya zama kango. Shaguna a rufe, sahun masallaci ya ragu, gidaje wasu an kulle wasu baƙin fuska sun shiga. Na haihu a farkon sabuwar shekara, mace. Ranar suna ba uba, ba dangin uba. Maame ta aiko jikarta da ɗan ƙunshin goro daga wanda ya faɗo bayan zuwanmu, shi aka raba. Ko wankan jego ban gama ba na fara zuwa tasha da jaririya a baya. Mma ta yi faɗa har ta gaji. Duk motar da ta shigo daga arewa sai na je na tsaya a gefenta ina duban fuskoki, in tambayi yaran mota, su ce ba su san shi ba, in dawo gida, in kasa zama, in koma. Na yi arba'in ba saƙo. Na riƙa ƙirga laifina da nasa a raina, yau in ba shi gaskiya, gobe in ba kaina.

Sai da zafi ya shigo sosai direban nan ya dawo, don motarsa ta lalace a can ya daɗe yana neman kayan gyara. Ya zo har gida ya zauna a zaure, Mma ta ba shi ruwa. Hausarsa irin ta Zango ce ta wanda ya koya da girma, kowa "kai" ne a wurinsa, mace da namiji. Ya ce sun daɗe a bakin ruwa, sun fi daɗewa a bakin iyaka, guzuri ya ƙare wa kowa. Ya ce duk inda aka tsaya mijina sai ya sauke huhu, ya shimfiɗa tabarma a gefen hanya, ya kwance, ya tsince, ya sauya ganye, sauran fatake suna yi masa dariya suna cewa ya zama mace. Sankara kuwa ba ta raga masa ba, kullum sai ya zubar da wani. Na sauran fataken kuwa, da ya sha magani, yana ɗaure, ko motsi ba ya yi.

Da yunwa ta yi yunwa, mutane suka koma neman goro, don yana riƙe ciki yana kashe ƙishi. Mota cike da goro, layi cike da motocin goro. Direban ya girgiza kai ya ce:

"Amariya, wallahi ka ga abin mamaki. Duka masu goro nan, ba wanda ya buɗe nasa ya ci. Ko ɗaya koraa, sam-sam. Duka wurin mijinka suna zuwa. Su ce, Malam, naka ba magani, taimaka mini da ɗaya."

Ya ce har wanda ya fi kowa yi wa mijina dariya ya zo, ya karɓa wa tsohuwar uwarsa. Mijina bai hana kowa ba. Tsofaffi, masu shayarwa, direbobi da ke tsoron barci, duk ya ba su, mai ɗan abin biya ya biya, marar shi ya yi addu'a. Tsakanin sankara da bakunan mutane, abin da ya isa Sakkwato bai taka kara ya karya ba. Su kuwa sauran sun kai nasu cif, yana sheƙi, sun sayar da tsada, wasunsu har sun buɗe rumfa. An ci shi a bukukuwan aure da suna a garuruwan da ban san sunansu ba, kuma ba wanda zai taɓa sanin cikin wa ya murɗa.

Na tambaye shi saƙo. Ya ce mijina yana dako a rumfar wani mai goro, yana kwana a zauren mutumin. Saƙonsa shi ne in yi haƙuri zuwa bayan damina, yana tarawa. Bai san abin da na haifa ba, amma ya ce ko mace ko namiji a shafa masa kai. Sannan direban ya ɗan yi murmushi ya ce mijina ya ce a tambaye ni hannuna ya warke. Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba a tasha.

Damina ta zo ta wuce ina zirga-zirga tsakanin gida da tasha. Da kaka ta yi na koma ƙauyen Maame da kaina, da 'yata a baya, don dole mu ci abinci. Itatuwan maƙwabtanta suna tsaye da guntayen rassa, ba kwanso ko na rantsuwa, masu su suna zaune a gindinsu suna zagin shekarar. Nata sun yi nauyi har suna sunkuyawa. Ta ba ni kwando biyu ta ce in fara da su. Ban ba ta haƙurin haushin da na ji ba, don ba ta san na ji ba. Na dawo ina murna, ina cewa in shi bai tara ba ni zan tara in bi shi.

Ina tsakar gida ina wanke goron nan na ji mota ta tsaya a ƙofa, abin da manyan motoci ba sa yi a lungunmu. Na fita da gudu hannuna jiƙe. Direban ne, amma bai shigo ba, ya wuce masallaci ya dawo tare da liman. Zazzaɓi ne ya ɗauke mijina, a tsakiyar damina, a zauren mai goron nan, inda ruwa ke shiga. An binne shi tun ina can ina duban fuskoki a tasha.

Mutane sun zo gaisuwa suna cewa kwana ne ya ƙare, kuma na yarda, ni Musulma ce. Amma an yi waɗanda suka koma gefe suna cewa da na bar shi ya yi abin da kowa ya yi, da ya kama ɗaki mai ƙofa, da ina kusa da shi ina dafa masa ruwan zafi. Na ji su. Ni ma na gaya wa kaina haka, ba sau ɗaya ba. Ban yi nadama ba, in aka mayar da ni tsakar gidan nan zan sake zura hannu cikin kwandon. Amma haushi bai bar ni ba. Ina jin haushin waɗanda suka kore shi, da wanda ya fara ɗura maganin a kwalba, da fataken da suka cinye goronsa suka sayar wa bayin Allah nasu. Wani lokaci har shi nake jin haushi, da ya tafi bai tsaya mun shirya ba.

Na yi shekaru ina fataucin goro bayan haka, daga itatuwan Maame, daga baya daga hannun jikokinta, kuma ba huhun da ya bar gidana ba shaidar haƙori a kai. 'Yata ta tashi a cikin kwanduna. Ba ta da hotonsa, ba mu taɓa ɗauka ba. Wata rana, tana 'yar budurwa, muna jera goro, ta gatsa nata ta ɗora, sai ta tambaye ni wane irin mutum ne babanta. Na so in ce mata mai haƙuri ne, mai sallah, mai son dariya, duk gaskiya ne. Amma na dubi bayan hannuna na dama, na ce mata sau ɗaya tak ya taɓa dukana, kuma saboda ita ne.